Kaptin Mbaye Diagne, sojan da ya ceci rayuka ba bindiga a hannu

Wasunku sun ji mun ambaci "lambar yabo ta Mbaye Diagne" a labarai. To, wane ne shi?

Sojan ƙasar Sanagal ne, Musulmi, an haife shi a 1958. Ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aiki a Ruwanda a matsayin ɗan sa-ido, wato ya duba ya kai rahoto, ba ya ɗaukar makami. A watan Afrilu na 1994 kisan ƙare dangi ya ɓarke a kan ƴan ƙabilar Tutsi. Cikin kwana 100 aka hallaka mutum wajen 800,000.

Ran 7 ga Afrilu sojoji suka kashe firaminista Agathe Uwilingiyimana da mijinta a Kigali, babban birnin ƙasar. Ɗiyanta suna ɓoye a wani gida kusa. Kaptin Diagne ya ɗauke su a motarsa ya kai su otel ɗin Mille Collines, suka tsira.

Daga nan bai tsaya ba. Umurnin da aka ba shi bai haɗa da ceto ba, amma kullum sai ya ɗauki mutum uku, huɗu, biyar, ya ratsa shingayen masu adduna. Da me? Da barkwanci, da taba sigari, da ɗan kuɗin aljihunsa. A haka ya fidda ɗaruruwan mutane.

Ran 31 ga Mayu 1994, harsashin igwa ya faɗi kusa da motarsa a wani shinge, ya rasu nan take yana da shekara 36. Ya bar mata da ɗiya biyu.

A 2014 Kwamitin Sulhu ya ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, don ma'aikatan kiyaye zaman lafiya da suka nuna jarumta ta daban. Ba kowa ake ba ta ba. A 2022 an ba Kaptin Abdelrazakh Hamit Bahar na Cadi, wanda ya rasu a Aguelhok ta arewacin Mali.

Mu ma a garuruwanmu akwai tsoffin sojoji, akwai matan da mazansu suka tafi ba su dawo ba. Mu leƙa su, mu gaishe su, mu tambayi halin da marayunsu suke ciki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.