Kilomita 30 a Ƙofar Makaranta: Dokar da Ke Ceton Rayukan Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a faɗin duniya. A rahoton da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasa ransu a kan tituna duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce ta fi kowace nahiya yawan irin wannan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a. Cikin waɗanda abin ke rutsawa da su akwai 'yan firamare da ke tashi da azahar, da 'yan Islamiyya masu komawa gida dab da magariba. Shi ya sa ƙasashe da dama suka yi wa kewayen makarantu doka ta daban: kada abin hawa ya wuce gudun kilomita 30 a awa ɗaya.

Me ya sa aka tsaya a kan 30?

Direban da ya saba taka totur zai ce ai da 30 da 50 duk tafiyar hawainiya ce. Lissafi bai yarda da shi ba. Motar da ke gudun kilomita 30 tana cin kimanin mita 8 a kowane sakan, mai gudun 50 kuwa kusan mita 14. Daga lokacin da ido ya hango yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafa za ta kai kan birki, ko direban da ke cikin hayyacinsa yakan ɗauki sakan guda. Idan titin busasshe ne, taya da birki kuma lafiyayyu, mai gudun 30 zai tsaya cak bayan kimanin mita 13. Mai gudun 50 sai ya ci kusan mita 28. Wato a daidai wurin da na farko ya riga ya tsaya, na biyun ko birki bai soma kamawa ba, zai bugi yaron da cikakken gudunsa. Wannan fa ga mota mai lafiya ke nan. To ina ga tifar da ta ɗauko yashi, ko motar haya mai suɗaɗɗen taya?

Ƙarfin bugu ma ba ya hawa daidai da hawan gudu, ninkuwa yake yi. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun ya ninka sau huɗu. Wanda mota ta buge tana gudun 30 tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 3 da rabi, wato daga saman bene hawa ɗaya. A gudun 50 kuwa tamkar daga mita 10 ya faɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau 4 da rabi tsakanin gudun 50 da 65, kuma duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗurran da ake rasa rai da kashi 4 cikin 100.

Sai kuma shi yaron kansa. Gajere ne, motar da aka ajiye a bakin titi ko teburin mai sayar da rake ya isa ya ɓoye shi daga idon direba. Inda mota za ta sami babba a ƙafa ko cinya, shi a ƙirji da kai take samunsa. Ƙaramin yaro bai iya auna nisan mota da saurinta kamar babba ba, kuma hankalinsa na wajen abokinsa da ya riga ya tsallaka, ko takalminsa da ya faɗi. Ko an yi masa faɗa sau ɗari, wata rana zai yi kuskure, domin yaro ne. Hikimar dokar ita ce a tsara titin ta yadda kuskuren yaro ba zai zama ajalinsa ba, a ɗora nauyin a kan babban da ke riƙe da sitiyari.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Fabrairun 2020, ministoci da wakilan ƙasashe suka yi taro a birnin Stockholm na Suwidin, suka fitar da matsaya cewa duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa, a tsayar da gudu a kan kilomita 30. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin rage mace-macen tituna da rabi. A 2021, Sifaniya ta mayar da 30 iyakar gudu a ƙananan titunan biranenta, biranen Paris da Brussels ma suka yi haka a mafi yawan titunansu.

Ba a ko'ina aka karɓi dokar hannu bibbiyu ba. Yankin Wales na Birtaniya ya sauko da gudun cikin unguwanni zuwa mil 20, kimanin kilomita 32, a Satumbar 2023, sai fiye da mutum 460,000 suka sa hannu a takardar neman a soke dokar. Amma da aka fitar da alƙaluman shekarar farko, an ga waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a irin waɗannan tituna sun ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu.

A nan Afirka ta Yamma, dokokin hanya da Ghana ta kafa a 2012 sun ƙayyade 30 a kusa da makarantu da asibitoci da kasuwanni da wuraren ibada. Darasin da ya fi kusa da halin da muke ciki kuwa daga Dar es Salaam ta Tanzaniya ya fito. Wata ƙungiya mai suna Amend ta riƙa zaɓo makarantun firamaren da aka fi buge ɗalibansu, ta yi musu tudun rage gudu, da hanyar ƙafa a gefen titi, da fararen layukan tsallakawa, da alluna. A wasu makarantun ma har ƙofa aka sauya, aka ɗauke ta daga bakin babban titi. Binciken da aka yi tare da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna raunukan da ɗalibai ke samu sun ragu da kashi 26 cikin 100. Abin lura shi ne, allo shi kaɗai ba ya tsayar da direban da ya ga titi shimfiɗe a gabansa. Sai an haɗa doka da gyaran titi da jami'an da za su sa ido.

A gida Najeriya

Kundin dokokin hanya na Najeriya ya sa kilomita 50 a matsayin iyakar gudun ƙananan motoci da motocin haya a cikin gari, 45 ga tankoki da tireloli. Wannan iyaka ce ta ƙarshe da ba a yarda a ƙetare ba, kuma kamar yadda lissafin baya ya nuna, ta yi wa ƙofar makaranta yawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu tun 2016. Sai dai na'urar da aka saita domin babbar hanya ba ta hana direba zuba 80 a tsakiyar unguwa.

Garuruwanmu kuma suna da nasu matsalolin. Makarantu da yawa an gina su ne lokacin da titin gabansu ɗan siriri ne, yanzu ya zama tagwayen hanya. Akwai ƙauyukan da babbar hanya ta raba biyu, gidaje a wannan gefe, makaranta a wancan. Makarantun kuɗi da Islamiyyu da tsangayu da dama a cikin lungu suke, ko allon suna ba su da shi, balle direba baƙo ya san da yara a wurin. Masu shaguna da masu talla sun cinye gefen titi, dole yara su sauko kan kwalta. Da sanyi hazo yana rage gani da safe, daidai lokacin tafiya makaranta. Ga 'yan A Daidaita Sahu da 'yan acaɓa masu rububin fasinja a bakin ƙofa, wasu har suna bin hannun da ba nasu ba.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Direba: da ka hango allon makaranta, ko yara cikin kayan makaranta, ko almajirai a gefen hanya, ɗage ƙafa daga totur tun kafin ka iso. Kada ka yi aron hannu a wurin, kada ka wuce motar da ta tsaya sauke yara ba tare da ka lura ba, ka kuma ajiye waya. Oda ba ta maye gurbin birki, sau da yawa ma firgita yaro take yi ya ruga gaban mota. In tsoron ɓata lokaci kake ji, ga lissafinsa: tafiyar mita 500 a gudun 50 sakan 36 ce, a gudun 30 kuma minti ɗaya. Sakan 24 kacal ka rasa. Sauri ya haifi nawa.

Iyaye: kada a saki ɗan shekara 5 ko 6 ya tsallaka babban titi shi kaɗai, kada kuma a ɗora wa 'yar shekara 8 riƙon ƙanne uku. A koya wa yaro ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, sannan ya tsallaka da tafiya ba da gudu ba. Inda babu hanyar ƙafa, ya bi gefen da zai riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. Mai kai yara a mota ko a babur ya sauke su ta ɓangaren ƙofar makaranta. Inda akwai gadar sama, a nuna musu hawanta ta hanyar hawa tare da su.

Makarantu: a ware malami ko maigadi da zai tsaya a bakin titi lokacin shigowa da lokacin tashi, da riga mai ɗaukar ido. A riƙa sallamar ɗalibai aji-aji maimakon a buɗe ƙofa su fito tamkar an ɓalle dam. In makarantar tana da wani ɓangare da ke kallon lungu, a mayar da ƙofar can.

Jama'ar unguwa: an saba sai an buge yaro sannan matasa su fusata, su tare hanya, su tara ƙasa da duwatsu su yi tudu cikin dare. Irin wannan tudu marar fenti, marar allo, shi ma kisa yake yi, musamman ga masu babur. Abin da ya fi shi ne mai unguwa da limamai da ƙungiyar iyaye da malamai su rubuta takarda tun kafin a yi asarar rai, su kai wa mai titin: ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar ayyuka ta jiha, ko ta tarayya in hanyar tata ce. A ba FRSC kwafi, da hukumar zirga-zirga ta jiha irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna. A nemi abubuwa ƙayyadaddu: allon 30 a kowane gefe, tudu mai fenti da injiniya ya auna, layukan tsallakawa, da jami'i a lokutan cunkoso. Ɗan majalisar jiha ma a tambaye shi inda ya kwana kan dokar da za ta fayyace wannan iyaka da tararta.

In haɗari ya auku, a kira lambar gaggawa ta FRSC, 122, a gaggauta kai yaron asibiti, a kula kada a jijjiga wuyansa da bayansa wajen ɗauka. Dukan direba ko ƙona mota laifi ne, kuma tsoron hakan ne ke sa wasu direbobi tserewa su bar wanda da an taimaka masa da ya rayu.

Sau da yawa in an rasa yaro sai a ce tsautsayi ne, ƙaddara ta riga fata, a yafe, a watse. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai ɗauke wa mai ganganci alhaki ba. Shari'ar Musulunci ko kisan kuskure ta ɗora masa diyya da kaffara, balle wanda ya ga yara da idonsa ya ƙi sassautawa. Ya kamata malamai su faɗi wannan a kan mumbari, shugabannin ƙungiyoyin direbobi su maimaita shi a tasha, iyaye kuma su bi takardarsu ofis-ofis har sai an kafa allon an yi tudun.