Daga Makaranta Zuwa Aiki: Tsarin Amurka na Shirya Matasa Naƙasassu

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan hanyar da ƙasar Amurka take bi wajen fitar da matashi naƙasasshe daga aji zuwa wurin aiki. Kalmar "naƙasa" a nan ta haɗa makanta da kurumta da gurguntaka da kuma raunin fahimta. A yau wasu sun fi son a ce "masu buƙata ta musamman", amma a nan za a yi amfani da tsohuwar kalmar domin ita ce ta fi fito da ma'ana.

2.0 Tushen matsalar

A shekarar 1975 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi kowane yaro naƙasasshe kyauta, kuma a yawancin jihohi wannan haƙƙi yana kaiwa har shekara 21. Sai dai ranar da yaro ya gama makaranta, wajibcin ya ƙare. Hukumomin da suke kula da manya sai sun tantance mutum kafin su taimake shi, wani lokaci kuma ya daɗe yana jiran layi. Ta haka matasa da yawa suka riƙa komawa gida su zauna, abin da suka koya yana zubewa. A 1984 wata jami'a ta ma'aikatar ilimi, Madeleine Will, ta kwatanta abin da ake buƙata da gada tsakanin makaranta da rayuwar aiki.

3.0 Abin da doka ta tanada

A 1990 aka sabunta dokar, aka sa mata suna IDEA, aka kuma ƙara mata sharaɗin shirin fita. Dama kowane ɗalibi naƙasasshe yana da rubutaccen tsarin karatu nasa na kansa, wanda malamai da iyaye suke zama su duba duk shekara. Bisa gyaran 2004, daga shekarar da ɗalibi zai cika 16 dole wannan tsari ya faɗi abin da yake son yi bayan makaranta, da irin horon da zai kai shi can. Wasu jihohi sukan fara tun yana ɗan 14, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dole ne kuma a gayyaci ɗalibin shi kansa zaman, kada a yanke masa shawara a bayan idonsa.

A 2014 wata doka ta umurci hukumomin koyar da naƙasassu sana'a na jihohi su ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya take ba su, domin ɗaliban da ba su riga sun bar makaranta ba. Da wannan kuɗi ake nuna musu ire-iren sana'o'i, a kai su gwajin aiki, a kuma koya musu yadda za su nemi haƙƙinsu da bakinsu.

4.0 Misali: shirin Project SEARCH

An fara wannan shiri a 1996 a asibitin yara na birnin Sinsinati, cikin jihar Ohayo. Erin Riehle, wadda take shugabantar sashen gaggawa, ta lura cewa asibitin yana jinyar yara naƙasassu da yawa amma ba ya ɗaukar irinsu aiki, alhali wasu ƙananan guraben aiki kullum ma'aikata suna barinsu. Sai ta haɗa kai da Susie Rutkowski, ƙwararriya a ilimin naƙasassu, suka tsara horo ga matasa masu raunin fahimta.

Ga yadda shirin yake gudana. Matashi ɗan shekara 18 zuwa 21 yakan yi shekararsa ta ƙarshe ta makaranta gaba ɗaya a cikin ma'aikata, kamar asibiti ko banki ko otal. Da safe akwai darasi na kusan awa ɗaya a kan abubuwa irin su zuwa a kan lokaci, da magana da shugaba, da sarrafa kuɗi. Sauran yinin a bakin aiki yake. A cikin shekarar yakan zagaya sassa uku, kowanne kimanin mako goma, yana jera kayan jinya ko tsabtace kayan tiyata ko shigar da bayanai a kwamfuta. Akwai mai horarwa da yake rarraba masa aikin daki-daki, sannan ya riƙa janyewa a hankali har matashin ya tsaya da ƙafarsa.

Hikimar abin tana kama da ta koyon sana'a wajen maigida: yaron tela a gindin keke yake ƙwarewa. Mai raunin fahimta yakan sha wuya wajen ɗaukar abin da ya koya a aji ya yi aiki da shi a wani wuri dabam, saboda haka aka kai koyon inda za a yi aikin. Su ma masu ma'aikata gani ya kori ji: wanda ya yi watanni yana kallon aikin matashi ya daina tsoron ɗaukarsa. Shirin ba ya ƙirga nasara sai matashi ya sami aikin aƙalla awa 16 a mako, tare da sauran jama'a, da albashi irin na kowa. Daga baya tsarin ya bazu zuwa Kanada da Birtaniya da wasu ƙasashe.

5.0 Inda gizo yake saƙar

Har yanzu da sauran aiki. Alƙaluman gwamnatin Amurka na 2023 sun nuna kashi 22.5 cikin ɗari na naƙasassu ne suke da aiki, ga kuma kashi 65.8 na waɗanda ba su da naƙasa, kodayake tsofaffi suna da yawa a rukunin farko. Akwai kuma dokar ƙwadago ta 1938 da ta yarda a biya naƙasasshe ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Dokar 2014 ta ƙuntata hakan ga ƴan shekara 24 zuwa ƙasa, wasu jihohi kuma sun soke shi ɗungum. Ban da wannan, iyaye da yawa suna tsoron a yanke wa ɗansu tallafin gwamnati idan albashinsa ya ƙaru. Matashin ƙauye kuwa, inda babu babbar ma'aikata ko motar haya, ba safai irin wannan shiri yake isa gare shi ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda doka ta tilasta a fara shiri da wuri tare da matashin, da yadda Project SEARCH ya mayar da shekarar ƙarshe ta makaranta shekarar farko ta aiki. Abin lura shi ne, tsarin yana tafiya ne idan makaranta da ma'aikata da hukumar sana'a da iyaye suka zauna tare tun ɗalibi yana cikin rajistar makaranta. Idan aka bari sai ya karɓi takardar kammalawa, nauyin nema masa aiki yakan faɗa kan iyayensa su kaɗai.