JEMAGEN NINTENDO: ƘARFI KO DABARA?

Jama'a, a cikin kayan hikimar zamanin nan akwai wani akwati da ake haɗawa da talabijin, mutum ya riƙe linzaminsa a hannu, yana sarrafa hotunan da ke motsi, ya yi tsere, ko ƙwallo, ko yaƙi. Kada wani ya ce wasan yara ne kawai. Ciniki ne na miliyoyin kuɗi, manyan kamfanoni uku kuwa ke kokawa a kansa: Sony da Nintendo na ƙasar Japan, da Microsoft na Amurka. Yau labarin Nintendo muke so mu ba masu karatunmu, don akwai abin lura a ciki.

Shi dai wannan kamfani tsoho ne ƙwarai. A cikin 1889 Fusajiro Yamauchi ya kafa shi a birnin Kiyoto, sana'arsa ta fari kuwa buga karta. Sannu a hankali ya koma ƙera akwatunan wasa. Wanda ya fitar a 2006, mai suna Wii, an sayar da fiye da miliyan 100. Amma duniya rawar 'yan mata ce. Magajinsa Wii U, na 2012, bai kai ko miliyan 14 ba har aka daina ƙera shi. Mutane da yawa ba su ma gane sabon akwati ne ba, tsammani suke wani ƙari ne ga tsohon. Ana cikin wannan hali shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya rasu a watan Yuli 2015.

Su kuwa abokan gasa sun yi nisa. Sony ya fitar da PlayStation 4, Microsoft ya fitar da Xbox One, dukansu a watan Nuwamba 2013. Kafin ƙarshen 2016 na Sony ya wuce miliyan 50. Masu lura da kasuwa da dama suka fara cewa gara Nintendo ya bar ƙera akwati, ya tsaya ga sayar da wasanninsa a na'urorin waɗansu, kamar yadda kamfanin Sega ya yi a 2001.

To, ran 3 ga Maris 2017 sai ga Nintendo da sabon abu mai suna Switch, a kan dala 300 a Amurka. Abin kamar jemage yake, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Allo ne ɗan ƙarami mai inci 6.2, da linzami biyu maƙale a gefensa. In kana gida ka zura shi cikin mazauninsa, hoto ya koma talabijin. In tafiya ta kama ka, ka zare shi, ka ci gaba da wasanka a mota daga inda ka tsaya. In aboki ya zo, ka ɓalle linzami ɗaya ka miƙa masa.

Masu shakka ba su rasa hujja ba. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, wadda kamfanin Nvidia ya ƙera, irin ta na'urorin hannu ce, ba ta kusa da ƙarfin ta Sony ko ta Microsoft. Suka ce mai son kyawun hoto zai tafi wurin waɗancan, mai son wasa a hanya kuwa ga wayarsa a aljihu, wa zai sayi wannan?

Amsa ba ta daɗe ba. Cikin wata goma Switch ya wuce abin da Wii U ya sayar a dukan zamaninsa. A ƙarshen 2021 ya wuce Wii, a ƙarshen 2022 ya wuce PlayStation 4, a ƙarshen 2024 kuwa ya haura miliyan 150.

Mu a ganinmu dalili biyu ne. Na fari, Nintendo ya ƙi shiga dandalin da ya san za a ka da shi. Ɗan kokawa mai wayo ba ya kama ƙugun wanda ya fi shi nauyi, ƙafa yake nema. Wannan kuwa tsohuwar ɗabi'ar gidan ce. A 1989 maƙerinsu Gunpei Yokoi ya fitar da Game Boy, allonsa ba launi, amma ga araha, ga batir mai daɗewa, ya kuwa danne Game Gear na Sega mai launi mai shan batir. Na biyu, akwai wasannin da ba a samu a akwatin kowa sai nasu. Ranar fitowar Switch aka fitar da sabon Zelda, Mario Kart ya biyo a Afrilu, wani Mario kuma a Oktoba. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, wasan Animal Crossing ya ja waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Masu saye da yawa sun yi kukan linzamin yana motsa hoto ba wanda ya taɓa shi, har magana ta kai gaban shari'a a Amurka.

Yanzu tambayar ta sake dawowa. Ran 5 ga Yuni 2025 aka fitar da Switch 2, aka sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma fa kiɗa ya sake. Kuɗinsa ranar fitowa dala 450 ne, sabon Mario Kart kuma dala 80. Fagen da Switch ya tarar ba kowa, yanzu ya sami baƙi, tun da kamfanin Valve ya fitar da Steam Deck a 2022, waɗansu kuma suka bi sahu. PlayStation 5 da sabon Xbox, na 2020, sun fi shi ƙarfi kamar dā.

Waɗanda suka yi layi ran fari masoya ne, ko nawa aka ce za su biya. Alƙalin gaskiya shi ne magidancin da zai tsaya a kanti, ya dubi kuɗin, ya dubi 'ya'yansa, ya tuna akwai tsohon Switch a gida yana aiki lafiya lau. In Nintendo ya iya ba wannan mutum dalilin sa hannu a aljihu, ya ci. In ya kasa, labarin Wii U bai yi nisan da za a manta ba.