Gada da Bakan Gizo: Gadojin Tsohuwar Hanyar Dogo ta Kaduna

Unguwar Sabon Tasha, a kudancin Kogin Kaduna, tana kan tsohuwar hanyar dogo wadda ta taso daga Fatakwal, ta biyo ta Kafancan, ta iso Kaduna a 1927. Kafin wannan, hanyar Baro zuwa Kano, wadda aka fara a 1907 a zamanin Gwamna Girouard, ta ƙetare kogin ta isa Kano a 1911. Abin lura shi ne, ginin gadojin waɗannan hanyoyi ya sha bamban da na tsofaffin gadojin dutse na Ingila.

Misali, gadar Smardale Gill da ke arewacin Ingila, wadda Thomas Bouch ya tsara aka buɗe a 1861, da dutse aka gina ta: baka 14, tsayinta ƙafa 90. Kowane baka yana tura nauyin jirgi zuwa ginshiƙan da ke gefensa, duwatsun kuma suna ƙara matse juna. Siffar baka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin akwai bakan gizo, irin wanda Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. An rufe hanyar Smardale a 1962, amma an gyara gadar, masu tafiya a ƙasa suna bi ta kanta.

A nan kuwa, Girouard hanya mai araha da saurin ƙarewa ya nema. Saboda haka aka yi ta jigilar ƙarafa ta Kogin Kwara zuwa Baro, ana shimfiɗa su a kan ginshiƙai. Harshe ma ya adana wannan tarihi: masana suna ganin kalmar "gada" daga girder ta Turanci ta fito, watau dogon ƙarfen da ke ɗauke da nauyi, ta zauna tare da "kadarko".

To, dutse yana jure sakaci, ƙarfe kuwa sai da fenti da dubawa. Tun 2016 jirgin Abuja daga Rigasa yake tashi a kan sabuwar hanya mai faɗi, zirga-zirga a tsohuwar kuma ta ja baya ƙwarai. Idan ba a auna gadojinta an rubuta tarihinsu ba, tsatsa da ɓarayin ƙarfe za su riga masu bincike.