Kafin Ku Kama Hanyar Nguru a Jirgin Ƙasa

'Yan'uwa manoma, idan ƙungiyarku ta gama kai ta shirya aika mutane Nguru, ko don sayen busasshen kifi, ko don duba shanun huɗa, kada ku tara kuɗin jirgi tukuna. Ku fara aika mutum ɗaya tashar reluwe ya tambaya da bakinsa. Ganin layin dogo a taswira ba shi ne ganin jirgi ba.

Ga dalili. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka ja reshe daga Kano zuwa Nguru, aka gama a 1930. Tsawonsa wajen mil 140 ne, ya bi ta Ringim da Malam Madori. Don kwasar gyaɗa da fatu da shanu aka gina shi. Da manyan motoci suka ƙwace wannan lodi, sai gyaran layi ya ja baya. Shi ya sa jirgin tsohon layi yakan yi aiki wani lokaci, ya kuma tsaya wata da watanni. Haka labarin yake a reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929.

Kada kuma sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya ruɗe ku. Faɗin layinsa ya fi na tsohon, wanda ƙafa 3 ne da inci 6. Taragon wannan ba ya hawa wancan.

Ɗan aiken nan ya tambayi abu uku: ko jirgi yana tashi a wannan wata, wace rana yake dawowa, da kuma nawa ake biya a kan buhu. Maganar dawowa ita ce babba. Mutum huɗu su kwana biyar a baƙon gari suna jiran jirgi, ai ribar kifin ta tafi a tuwo da masauki, kuɗin kuwa na ƙungiya ne, ba nasu ba. Saboda haka ma'aji ya ware kuɗin mota na dawowa daban, a rubuta a littafi.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da damina ruwa yakan cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, ga shi kuma yankin Haɗeja da Nguru ƙasar fadama ce. Da bazara zafin can ba wasa ba ne. Amma ku riƙe bargo, gama sanyin hunturu da asuba yana shiga ƙashi. Ku ɗauki ruwan sha da guzurin kwana biyu, ko da an ce muku tafiyar yini ɗaya ce.

A Nguru dogo ya ƙare. Mai zuwa Gashuwa sai ya nemi mota. Ku tambayi mutanen wurin lafiyar hanya kafin ku tashi, kada kuma ku yi tafiyar dare.