Minti Guda Tak: Yadda Ɗan Kallon Agadas Ya Ji da Kayen Mena

Hausawa kan ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Duk mai son ƙwallon ƙafa a Nijar ya san gaskiyar wannan magana tun ranar Juma'a, 27 ga Janairu 2012, sa'ad da Mena ta kara da Tunisiya a birnin Libarbil na ƙasar Gabon. Wasa ne na biyu da ƙasarmu ta taɓa yi a gasar cin kofin Afirka. Tun a minti na 4 Yusuf Msakni ya jefa ƙwallo a ragar Kasali Dauda. Minti biyar bayan haka William N'Gounou ya rama. Daga nan aka yi ta gumurzu babu wanda ya ƙara, har sai da ya rage kamar minti guda a tashi, Isam Jemaa ya ci wa Tunisiya ta biyu. Aka tashi biyu da ɗaya.

Kwana huɗu kafin nan Gabon ta doke Mena da ci biyu ba ko ɗaya, amma wannan bai hana kowa barci ba. Mai masauki ya fi ƙarfi, magana ta ƙare. Kayen Tunisiya shi ne ya tsaya wa jama'a a rai, domin mutum ya fi baƙin cikin abin da ya riƙe ya suɓuce masa a kan abin da bai taɓa kai hannu gare shi ba.

Me ya haɗa Agadas da Mena?

Tsakanin Agadas da Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 900. Mafi yawan masoyan Mena a nan ba su taɓa taka filin wasa na Janar Saini Kunce ba. A talabijin da rediyo suka san ƴan wasan, a fada ko a shagon maƙwabci. Duk da haka suna ganin ƙungiyar tasu ce, kuma suna da hujja: dabbar da aka ara wa ƙungiyar sunanta, wato mena, barewar hamada ce, kuma duwatsun Abzin da Tarmit suna cikin ƴan wuraren da ta rage a duniya.

Ga shi kuma lokacin ya zo wa garin da nauyi. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya kori masu yawon buɗe ido. Sace ma'aikatan da aka yi a Arlit a Satumba 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Maƙeran azurfa da dukawa da masu ja-gora suka rasa ciniki. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan ci-rani gida hannu banza, damina kuma ba ta yi kyau ba. Cikin wannan hali, ɗan kasuwa da ma'aikaci suka sami abu guda da ke sa a ambaci Nijar da alheri a kafofin labarai na duniya.

Ba da wasa aka kai can ba. A Yamai Mena ta doke Masar, mai riƙe da kofi, da ci ɗaya ba ko ɗaya a Oktoba 2010, ta ƙafar Musa Maazu. Ta doke Saliyo uku da ɗaya, ta doke Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. A ranar ƙarshe, Oktoba 2011, Masar ta rama da ci uku a Alƙahira, ƴan Afirka ta Kudu kuwa suka yi ta rawa a filinsu suna zaton sun wuce. Ashe ba su karanta doka ba. Ƙasashe uku ke da maki tara-tara, kuma sakamakon karawa tsakaninsu ya ba Nijar gaba. A ƙarshen shekarar hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Haruna Dula a matsayin gwarzon masu horarwa.

Hawa huɗu na baƙin ciki

Wanda ya saba zama da ƴan kallo ya san cewa zafin irin wannan kaye hawa-hawa ne. Na farko shiru. Mutumin da ya shafe minti tamanin yana ihu, yana ba ƴan baya umarni kamar suna jin sa daga Libarbil, sai ya kasa ko da tsaki. Shayi ya huce a kofi, ba wanda ya kula.

Na biyu neman mai laifi. Wani ya ɗora wa ƴan baya, wani ya ɗora wa alƙalin wasa, wani ya ce ƴan gaba ne suka ɓarar da damar da za ta kashe wasan tun da wuri. Ma'aikata, waɗanda suka san illar shugabanni biyu a ofis guda, suka fi karkata ga hukumar ƙwallo ta ƙasa, wadda ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis gab da gasar ta ajiye shi kusa da Dula. Jirgi ɗaya, matuƙa biyu.

Na uku lissafi, kuma nan ne fagen ɗan kasuwa. Da an tashi kunnen doki, da Mena ta sami maki ɗaya, Tunisiya huɗu. A wasan ƙarshe Gabon ta doke Tunisiya ɗaya ba ko ɗaya. Ke nan da Mena ta shiga wasan Maroko da sauran rai, tana neman nasarar da za ta kamo Tunisiya. Amma a daren Juma'ar nan Gabon ta ci Maroko uku da biyu, ƙofa ta rufe. Lissafin daidai ne, sai dai da-na-sani ƙeya ce.

Na huɗu dangana. A nan ne ake cewa haka Allah ya so, yaran sun yi ƙoƙari, sa'a ce babu. Ɗan kallon Agadas ya saba da kokawa, inda faɗuwa ɗaya ke raba gardama, don haka ya san girmama wanda ya faɗi bayan ya jijjiga abokin karawarsa. Dangana halin kirki ce, ita ke sa mutum ya buɗe shagonsa da safe. Amma idan aka tsaya a kanta, ba a koyi kome ba.

Sa'a ce, ko shiri?

A dubi abin da ya biyo baya. Ranar 31 ga Janairu 2012 Maroko ta ci Mena ɗaya ba ko ɗaya, Yunus Belhanda ya jefa ƙwallon bayan minti na 75. A Janairu 2013, a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr, Mali ta ci ɗaya ba ko ɗaya, Saidu Keita ya ci a minti na 84. Wasa uku, kaye uku, kowanne da tazarar ƙwallo guda, kowanne a rubu'in sa'a na ƙarshe. Abin da ya faru sau ɗaya tsautsayi ne. Abin da ya faru sau uku yana da dalili.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Minti goma sha biyar na ƙarshe shi ne lokacin da ƙafa ke nauyi, hankali ke rabuwa, kuma a nan ake gane wanda ya saba da babban wasa kowane mako. Msakni ya zo ne daga Esperance ta birnin Tunis, wadda ta ɗauki kofin zakarun Afirka a Nuwamba 2011. Keita ya shekara huɗu a Barcelona. A ɓangarenmu, in ban da irin su Maazu, wanda ya buga a Beljiyam da Rasha da Faransa, da Kasali na Coton Sport ta Garwa, da yawa sun fito ne daga ƙananan ƙungiyoyi ko daga gasar gida mai fama da rashin kuɗi. N'Gounou kansa a wata ƙaramar ƙungiya ta Suwidin yake wasa a lokacin.

A zuwa biyun nan Mena ta yi wasa shida: kaye biyar, kunnen doki ɗaya da Kongo Kinshasa, ƙwallo ɗaya tak a raga. Ƙwallon N'Gounou ke nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Numfashin da ake bukata a minti na 89 ana tara shi ne shekaru kafin nan, a filayen unguwa da na makarantu, da gasar da ake yi a kan lokaci. Jihar Agadas ta fitar da ƙungiyoyi irin su Akokana da Urana na Arlit, waɗanda duk wasan waje kan zame musu tafiyar ɗaruruwan kilomita. Kuɗin mota, takalma, ƙwallaye da abincin ƴan wasa ba daga sama suke faɗowa ba. Ɗan kasuwar da ya iya lissafin makin da aka rasa a Libarbil zai iya lissafin abin da rigunan ƙungiyar yaran unguwarsa za su ci. Ma'aikacin da ya soki hukumar Yamai yana iya tambayar hukumomin gari me aka ware wa filin wasa a kasafin bana. Wanda ya ji zafin minti guda, ga inda zai kai zafin nasa ya yi amfani.