Jaririn da ba ya gani, wuyansa kuma bai tsaya ba

Uwa, in jaririnki ya kai wata 4 ba ya bin fuskarki da ido, wuyansa ma bai tsaya ba, kada ki ce a bari ya girma. Ki kai shi asibitin ido na Tinre, kusa da Paraku. In kina Jugu, ki fara da asibitin Malta. Yanar ido ana cire ta, amma in an makara, idon ba ya koyon gani sosai.

A gida fa, kada ya yini kwance a ɗaki. Ki kira sunansa kafin ki ɗauke shi, don kada ya firgita. In kunnen ma ba ya ji, ki taɓa kafaɗarsa, wuri ɗaya kullum. Ki ba shi cokali ya shafa kafin kunu ya iso bakinsa.